Aikin Hannu a Wasannin Tashe: Nazarin Kayan Ɓad-da-Kama a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ya karanta abin da aka rubuta a kan tashe zai lura da abu guda, watau yawancin manazarta waƙa suka fi bi. Sukan kawo sunan wasa, su kawo waƙarsa da amshinta, su fito da jigonta, ko gargaɗi ne ko zambo ko barkwanci, sa'an nan a layi ɗaya ko biyu su ce yaro yakan yi shigar tsoho ko ta malami, su wuce gaba. Wannan ba laifin kowa ba ne, domin kuwa waƙa tana zama a ka, ana iya ɗaukarta a rubuta ko bayan shekara talatin, kamar yadda M. B. Umar ya tattara mana su a littafinsa Wasannin Tashe wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1981. Gemun auduga kuwa, ko dokin kara, kwana goma ne ransa. Kafin mai nazari ya iso da alƙalaminsa an riga an cusa shi a murhu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan ɓangare da ake tsallakewa, watau yadda yara ke haɗa kayan da suke ɓad da kama da su, da abin da suke haɗa su da shi, da kuma abin da kayan ke gaya mana game da wasan kansa. Na taƙaita a kan ƙasar Ƙaraye da Rogo saboda a can aka haife ni, a can na yi nawa tashen, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan haɗa kayan abu ne da na gani ko na yi da hannuna.

Ƙasar da abin da take bayarwa

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, kuma su ne dokar 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Ƙasa ce ta noma wadda ta fi arewacin Kano samun ruwan sama, ana noma dawa da masara da auduga, ga kuma noman rani da ya ƙaru tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Har ila yau ƙasa ce da ta yi suna a rini tun ƙarni na 19, musamman garuruwan Zarewa da Beli. A kusa da Zarewar nan ne Baba ta Karo ta yi ƙuruciyarta, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya gane cewa yaron wannan ƙasa ba ya zuwa kasuwa neman kayan tashe. Karan dawa yana bayan gida, auduga tana ɗaki, rama tana gefen gona, tsohuwar ƙwarya tana bayan madafa. Abin da manya suka gama amfani da shi, shi ne jarinsa.

Shin Bahaushe yana da abin rufe fuska?

An sha faɗa cewa Bahaushe ba shi da al'adar rufe fuska irin ta Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilun kudu, waɗanda ke sassaƙa fuskar itace, su adana ta shekara da shekaru, su fito da ita ranar biki. Akwai gaskiya a wannan magana. Hasali ma ba mu da kalma guda tsayayya ta wannan abu. Takunkumi na dabba ne tun asali, amawali kuwa na sarauta ne da malanta, ba ɓoye mutum ake yi da shi ba, ƙara masa kwarjini ake yi. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne Musulunci, saboda yadda malamai ke ƙyamar sassaƙa surar abu mai rai.

To, amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Tun a 1974 René Bravmann ya nuna a littafinsa cewa akwai al'ummomin Musulmi a Afirka ta Yamma da ke riƙe da wasannin rufe fuska ba tare da sun bar addininsu ba. Mu ma a nan muna da burtu, watau kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kusanci naman daji. Akan yi shi da ƙoƙon kan burtun na gaske ko a sassaƙa shi da itace, a rufe da fata, a yi masa ado da 'ya'yan idon zakara. Wannan ɓad da kama ne cikakke, sai dai na sana'a ne, dabba ake yaudara da shi.

Misalin da ya fi ba ni mamaki yana wajen Nijeriya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai wasan da yara ke yi da dare a watan azumi, suna bin gida gida da kiɗa, suna sanye da fuskokin dabbobi da suka haɗa da ƙwarya da kwali da gwangwani, ana ba su kyauta. Sunan wasan Dodo, kuma mutanen can sun yarda cewa fataken Hausawa ne suka kai shi a ƙarni na 19. Priscilla Hinckley ta yi rubutu a kansa a 1986. Duk wanda ya ji wannan bayani ya san ɗan'uwan tashe ne, ga wata ɗaya, ga lokaci ɗaya, ga bin gida gida, ga suna na Hausa. Bambancin shi ne a can fuskar ce ta bunƙasa har ta zama abin gasa, mu kuwa a nan waƙar ce ta bunƙasa, fuskar ta tsaya a matsayin mai rakiya. Ashe ke nan tambayar da ta dace ita ce, wane irin rufe fuska Bahaushe ya zaɓa, kuma don me?

Gemu da fuska

Tashe yakan fara idan azumi ya kwana goma, a goman tsakiya da ake kira goma ta wuya, amma shirinsa tun goma ta marmari ake farawa. Abu na farko da kowace ƙungiyar yara ke nema shi ne auduga, domin wasanni da yawa ba sa yiwuwa sai da gemu, alal misali Tsoho da Gemu, da Ka-yi-rawa inda yaro ke yin shigar malami da babbar riga da rawani da allo, har da Jatau Mai Magani a wurin wasu.

Hanyar da ƙananan yara ke bi ita ce su jiƙa ƙaro ya yi kauri, su shafa a haɓa da saje da gira, su manna auduga a kai. Wannan yana da kyau a gida na farko da na biyu. Amma ƙaro abu ne da ruwa ke narkarwa, saboda haka da zarar yaro ya yi rawa ya fara gumi sai gemun ya soma zamewa, kafin a kai gida na biyar tsoho ya koma saurayi ta gefe guda. Waɗanda suka ƙware sukan sami ƙyalle mai faɗin yatsa uku, su ɗinka audugar a kai da zare da allura, su ja ta ƙasa ta yi tsini, su sa igiya a bakin ƙyallen biyu a ɗaura ta bayan kunne. Irin wannan gemu yakan kai ƙarshen tashe, kuma yana da wata fa'ida, watau yana kaɗawa idan mai shi ya girgiza kai, alhali a wasan Ka-yi-rawa kaɗawar gemun ita ce abin dariyar. Idan auduga ta yi wuya akan koma ga audugar rimi, ko da yake tana da santsi ba ta riƙe ɗinki, ko kuwa zaren rama da aka daka aka tsefe, wanda ya fi kama da gemun gaske amma yana da ƙaiƙayi.

Launi kuwa daga murhu da rami yake fitowa. Toka da farar ƙasa su ne furfura, gawayi da baƙin tukunya su ne tamoji da zanen fuska, jar ƙasa da bula da galura na ƙawa ne. A ƙasar da ta gaji marina, shuni ba baƙo ba ne. A nan ya kamata in yi wani gargaɗi. Na ga yara suna fasa tsohon batir su shafa baƙin cikinsa a fuska saboda ya fi gawayi baƙi, wannan kuwa yana iya ƙona fata ya cuci ido. Haka nan idon zakara, duk kyansa, guba ne ga wanda ya tauna shi, ga shi kuma yaro ba ya rabuwa da sa abu a baki. Sa'an nan auduga da wuta ba sa shiri, don haka mai gemu ba ya riƙe fitilar aci-balbal.

Fuskar ƙwarya ba ta kai gemu yawa ba. An fi yin ta idan za a kwaikwayi dodo ko kura ko biri. Akan nemi tsohon ƙoƙo wanda ya yi daidai da fuska, domin sabo yana da ɗaci da ƙura a ciki, ban da haka ma babu uwar da za ta ba da sabuwar ƙwaryarta a huda. Sai a jiƙa shi a ruwa, saboda busasshiyar ƙwarya ba ta jure wuƙa, tsagewa take yi. Mai wasan ya kifa shi a fuska, abokinsa ya laluba ya sa alamar ido da baki da gawayi. Daga nan a gasa ƙusa ta yi ja, a riƙa huda ƙananan ramuka kusa da kusa a kan alamar har tsakiyar ta faɗo, a kankare bakin ramin. Haƙora da totuwar kara ake yi ko ƙwayar farar masara, a manna da ƙaro, wanda a nan yana riƙewa tunda gumi ba ya isa wajen. Kunnuwa na sakaina ne ko tsohuwar fata, geza ta rama. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙanƙanta ramin ido don fuskar ta ƙara ban tsoro, sai ga dodo da dare yana tuntuɓe da turmi.

Dokin kara

A ganina babu wani kayan tashe da ya kai dokin kara nuna gwaninta, watau wanda ake wasan Danda da shi. Sauran kaya ɗaurawa ake yi a jiki, wannan kuwa gini ne, sai an auna, sai an daidaita nauyi.

Ana farawa da zaɓen kara. Na dawa ake so, mai kauri, wanda gara ba ta taɓa ba. Na masara gajere ne kuma yana da saurin karyewa. Akan yayyafa masa ruwa ya kwana don ya yi laushi ya yarda a lanƙwasa. Sai a haɗa kara uku uku ko huɗu huɗu a ɗaure su zama dami biyu, kowanne tsawonsa kamar kamu uku. A haɗa bakinsu gaba da baya a ɗaure tam, a buɗa tsakiya da gajerun kara biyu da aka gitta, ya zama kamar siffar kwale-kwale, da fili a tsakiya inda yaro zai shiga ya tsaya. Wuya wani dami ne da ake sokawa a gaba a karkace, a tokare shi da kara daga ƙasa. Kai kuwa hannun tsohuwar riga ne ko safa, a cusa tsumma ya cika, a ɗaure a ƙarshen wuyan yana duban ƙasa. Daga nan a ɗaura igiya biyu daga gaba zuwa baya, su gitta a kafaɗun mahayi, su ne ke ɗauke da dokin a daidai ƙugunsa. A lulluɓa zane ya sauka har ƙauri ya ɓoye ƙafafu. Idan an yi shi da kyau, mai kallo zai ga kamar yaro ne zaune a kan doki, alhali yaron ne ke ɗauke da dokin.

Matsalar da kowane mai haɗa shi ke gamuwa da ita ita ce rinjaye. Wuya da kai suna gaba, baya kuwa babu komai sai wutsiyar rama, saboda haka dokin yakan dunƙufar da kai ƙasa kamar mai kiwo. Maganinsa shi ne a ƙulle dutse a tsumma a ɗaura a gindin wutsiya, ko a matsar da igiyar kafaɗa gaba kaɗan. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan. Ƙane yakan riƙe wa wansa igiya shekara biyu ko uku yana kallo, ranar da wan ya ga ya girmi tashe sai aikin ya faɗo hannunsa.

Wajen ado ne ake gane yaron da ya taɓa zuwa kallon hawan salla ya buɗe ido. Zai nemi ƙyallaye masu launi a wurin tela ya yi jalala, ya tuƙa igiya ya yi linzami da ragama, ya yanka gwangwani ya yi likkafa, ya manna takardar alewa mai ƙyalli a goshin dokin da ƙirjinsa. Marafan kwalba kuwa a buge su su baje, a huda, a zura a waya, su zama abin da ke kacau-kacau idan doki ya yi rawa. Wani ma har yakan cusa tsumma tsakanin zane biyu ya ce lifidi ya yi. A nan akwai abin lura ga mai nazarin al'ada. Doki a ƙasar Hausa na sarauta ne da masu hali, ɗan talaka daga nesa yake ganinsa. A tashe sai ga shi ya gina nasa da abin da aka zubar, ya hau, ya ja zage-zaginsa, ya yi sukuwa ya ja linzami a ƙofar gidan dagaci, a yi dariya a ba shi kyauta. Waƙar wasan ba ta faɗi wannan ba, dokin ne ya faɗa.

'Yan mata ba su cika gini irin wannan ba. A wasan Mairama da Daudu aron riga da hula ake yi, a zana gashin baki da gawayi. Gwanintarsu ta fi fitowa a kayan kiɗa, watau ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, da adon 'yartsana.

Lokaci da kaya

Akwai wani abu da ban ga an kula da shi ba. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya zagaye damina da kaka da rani cikin kimanin shekara 33. Kayan tashe kuwa amfanin gona ne, suna da lokacinsu. A shekarun da na yi tashe, tsakanin 2010 da 2013, azumi ya riƙa faɗowa a Yuli da Agusta, tsakiyar damina, dawa tana tsaye ɗanya a gona, karan bara kuwa ya tafi a danga da murhu. Dole muka riƙa zare kara daga dangar mutane, abin da ya jawo mana bulala ba sau ɗaya ba, kuma ruwan dare yakan jiƙa doki ya narkar da ƙaro. A 2025 kuwa azumi ya kama a farkon Maris, kara yana jibge, auduga ba ta daɗe da barin gona ba. Ke nan idan dattijo ya ce dokin zamaninsu ya fi na yanzu girma, mai nazari ya fara tambayarsa a wane yanayi azumin ƙuruciyarsa ya faɗo, kafin ya rubuta cewa fasaha ce ta ja baya.

Halin da ake ciki

Mu koma ga tambayar da na bari a baya. Idan aka duba duk kayan nan za a ga yawancinsu ba sa ɓoye yaro gaba ɗaya. Gemu yana barin ido da hanci, dokin kara yana barin fuska duka, ko mai fuskar ƙwarya ma abokansa suna tsaye kewaye da shi fuska a buɗe. Ina ganin da gangan ne. Daɗin tashe shi ne matar gida ta ɗaga fitila ta gane cewa wannan tsoho mai tari ɗan maƙwabciyarta ne, ta yi kamar ba ta gane ba, ta ba shi hatsi ko kuɗi. Izinin da ake ba yara su shiga cikin gida da dare, su yi wa malami da tsoho da gwauro shaƙiyanci, ya dogara ne a kan cewa an san ko 'ya'yan wane ne. Bahaushe ya zaɓi rabin rufewa ne saboda wasan nasa na sanayya ne.

Yanzu kuwa fuskar roba ta shigo kasuwa, wadda ake saye a shirye, ta rufe kai duka har wuya. Ba ta buƙatar jiƙa ƙoƙo ko gasa ƙusa, ba ta buƙatar ƙane ya riƙe wa wansa komai, kuma duk wanda ya sa ta ya zama ba kowa ba. A 'yan shekarun nan, har da 2025, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar hana tashe, bisa dalilin cewa ɓatagari suna fakewa da shi su yi ƙwace da faɗan daba. Wanda aka tare da wuƙa aka karɓe wa waya ba zai ce dalilin ƙarya ne ba. Sai dai hanin bai rarrabe tsakanin ƙato mai rufaffiyar fuska a lungun birni da yaro ɗan shekara goma mai gemun auduga a Zarewa ko Yammedi ba. Kuma wannan sana'a ta hannu ba ta da littafi, ba ta da makaranta. Zangon tashen yaro bai wuce shekara biyar ko shida ba, saboda haka idan aka jera shekaru kamar haka ba a yi ba, za a sami wa da ba shi da abin da zai nuna wa ƙanensa. Waƙar za ta tsira tunda tana cikin littafi, ɗaurin wuyan dokin kuwa babu inda aka rubuta shi.

Ina ganin dagatai da masu unguwanni za su iya raba wannan gardama a ƙauyuka, ta hanyar ƙayyade shekarun masu yi da lokacin tashi, da hana duk abin da ke rufe fuska ruf. Mu kuma ɗalibai da ke komawa gida hutu, duk wanda ya ci karo da yara suna haɗa doki, ya zauna tun daga zaɓen kara, ya auna, ya ɗauki hoto, ya tambayi sunan da suke kiran kowane sashe, kada ya jira daren wasa. Bayan azumi ya kwana ashirin hankalin kowa ya koma kan ɗinkin salla. Zane ya koma wurin mai shi a wanke, kara ya shiga murhun tuwon salla, ƙoƙo idan bai fashe ba a jefa shi bayan ɗaki. Abin da kawai muke ɓoyewa don baɗi shi ne wayar marafan kwalba, saboda ita ce ta fi cin lokaci wajen tarawa.